Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga ICAO da IATA: Ina Fuskokinmu Suke Kwana?

Zuwa ga shugabannin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, da na Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, IATA, a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ba injiniya ba ne, ba kuma lauya ba. Fasinja ne kawai, ɗaya daga cikin biliyoyin da kuke ƙirgawa a rahotonku na ƙarshen shekara. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar tambaya ce da ta hana ni sakat tun tafiyata ta baya-bayan nan, kuma na duba na ga ku ne masu hurumin amsa ta.

A wani babban filin jirgi ne, ba sai na kama suna ba. Na shiga layin hawa jirgi da fasfo a hannun dama, takardar shiga a hannun hagu, yadda na saba shekara da shekaru. Da layi ya matso sai na lura babu mai miƙa komai. An kafa wani allo mai girman littafi a kan sanda. Mutum ya tsaya gabansa daƙiƙa biyu, koren haske ya kama, ƙofar gilashi ta wage, ya wuce. A gabana akwai wata dattijuwa baƙar fata, tana jan 'yar jakarta. Ta tsaya, allo ya nuna ja. Ma'aikaciya ta ce ta cire tabarau, ta cire. Ja. Ta ce ta ja da baya kaɗan ta ɗaga haɓa. Ja. Sai aka janye ta gefe, duk layi ya zuba mata ido kamar wadda aka kama da kayan wani, ita kuwa sai juya fasfonta take yi a hannu tana murmushin kunya. Da wani ma'aikaci ya karɓi fasfon ya dube ta, ko rabin minti bai yi ba ya ce ta wuce.

Da aka zo kaina na tambayi ma'aikaciyar ko zan iya nuna fasfo maimakon in kalli na'urar. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ce, "Ana iyawa, yallaɓai, amma sai ka jira a gama da kowa." Na ji na bayana ya ja tsaki. Na dubi tsawon layin, na dubi agogo, sannan na ɗaga kai na kalli kyamarar. Kore. Ina zama a kujerata tambayar ta faɗo mini: wannan hoton da aka ɗauka yanzu, ina ya tafi, wa yake riƙe da shi, kuma har zuwa yaushe?

Kada ku ɗauke ni cikin masu ƙin sabon abu don kawai sabo ne. Na san amfanin na'urar. Layi yana sauri, hannu yana hutawa da lalube a aljihu, kuma tana kama masu sojan gona. A watan Agustan 2018, kwana uku kacal da kafa ta a filin jirgin Dulles da ke kusa da Washintan, ta tona asirin wani mutum da ya sauka daga birnin Sao Paulo na Brazil ɗauke da fasfon Faransa wanda ba nasa ba, aka tarar da katin shaidarsa na gaskiya a ɓoye cikin takalmi. Idon jami'in da ya yini a tsaye yana iya gajiya, kuma an daɗe da sanin cewa ɗan Adam ba gwani ba ne wajen haɗa baƙuwar fuska da ɗan ƙaramin hoto. Duk wannan na yarda. Rigimata tana wani wuri ne.

Ku kuka buɗe wannan ƙofa, shi ya sa na zo gare ku. Maleshiya ce ta fara fitar da fasfo mai ma'ajin lantarki a 1998, amma ICAO ce a 2003 ta tsayar da fuska a matsayin babbar shaidar jiki da za a riƙa sakawa a fasfon duniya, zanen yatsa da ƙwayar ido kuwa ganin dama ne ga kowace ƙasa. Kundinku mai lamba 9303 ya fayyace komai dalla-dalla: yadda za a ɗauki hoton, yadda za a adana shi, yadda na'urar wata ƙasa za ta karanta fasfon wata. Ƙasashe 193 suna kallon bakinku. Kun yi aikin ƙwarai wajen koya wa duniya yadda ake karɓar fuska. Yadda ake sakin ta bayan an gama da ita kuwa, kowace ƙasa da kowane kamfani yana yin abin da ya ga dama.

Akwai abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya, alhali tsakaninsu akwai tafiya mai nisa, kuma fasinjan da ke tsaye gaban allo ba ya iya bambance su. Na farko, ka ɗora fasfonka a kan na'ura, ta karanta hoton da ke cikinsa, ta kwatanta da fuskar da take gani. Tambaya ɗaya take yi: mai fasfon nan ne wannan? Hoton yana cikin fasfonka, fasfon yana aljihunka, kana iya tafiya da abinka. Na biyu, ba ka nuna komai ba, kyamara ce ta ɗauke ka, ta mayar da tsarin fuskarka jerin lambobi, ta aika wani rumbu inda aka riga aka tara hotunan mutane, a laluba a gano ko kai wane ne. A tsarin hukumar kwastan da tsaron iyaka ta Amurka, CBP, kafin jirgi ya tashi ana ɗaukar jerin sunayen fasinjojinsa a haɗo hotunansu daga fasfo da biza da shigowarsu ta baya, a jera suna jiran su a ƙofa. Wato kafin ka iso, fuskarka ta riga ka isowa. Wannan na biyun ne yake yaɗuwa, tun daga tashar da kamfanin Delta ya buɗe a Atlanta a ƙarshen 2018 zuwa abin da ake gani yau a manyan filayen jirgi na nahiyoyi daban-daban, don shi ne ya fi sauri. Shi ne kuma yake buƙatar rumbu, rumbu kuwa yana da mai shi.

To, har yaushe ake ajiyewa? Amsar ta danganta da launin bangon fasfonka. CBP ta ce tana goge hoton ɗan Amurka cikin sa'o'i 12. Hoton baƙo kuwa ana iya tura shi rumbun Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ya zauna har shekara 75. Ku sake karanta waɗannan lambobi biyu. Matashin da aka ɗauka yana ɗan shekara 20, sai ya tsufa, ya ga jikoki, wataƙila ma ya kwanta dama, fuskarsa tana nan a ajiye a ƙasar da ya ziyarta sau ɗaya don wani taro na kwana uku. A Turai ma, tun ranar 12 ga Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin shige da fice na yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, inda ake ɗaukar fuska da zanen yatsun baƙi masu gajeriyar ziyara a ajiye shekara uku, wanda ya ƙi kuwa a hana shi shiga. Ban ce ƙasa ba ta da ikon sanin mai shigar mata gida ba. Abin da nake nunawa shi ne, mutumin da aka fi tatsar bayanansa shi ne wanda ba ya zaɓe a ƙasar, ba shi da ɗan majalisar da zai kai wa kuka, bai san ko kotun da zai nufa ba. Idan akwai wanda ya cancanci hukumar duniya ta tsaya masa, to wannan baƙon ne.

Za a ce mini rumbunan suna da tsaro. Haka ake cewa kullum kafin ranar da za a fasa su. A 2019 'yan kutse sun shiga kwamfutocin wani ɗan kwangila mai suna Perceptics da ke yi wa CBP aiki a wani gwaji na kan iyakar ƙasa, kuma binciken babban sufeton Ma'aikatar Tsaron Cikin Gidan Amurka ya nuna hotunan matafiya kusan 184,000 abin ya shafa, wasu har sun ɓulla a ɓoyayyun kasuwannin intanet. Abin lura a nan, kamfanin ya kwashi hotunan ne zuwa nasa kwamfutocin ba da izini ba. Ba gwamnati aka fasa kai tsaye ba, ɗan aikenta aka tare a hanya. Kafin wannan, a 2015, an sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi da ƙwararru ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin yi da naka.

Nan ne kuma shaidar jiki ta sha bamban da kowace irin shaida. In aka sace kalmar sirri, ka sauya. In katin banki ya ɓata, ka toshe shi a ba ka sabo. Fasfo ma in ya salwanta, ana soke lambarsa. Fuska fa? Da wadda aka haife ka da ita za ka koma. Ba ka iya ajiye ta a gida, ba ka iya kulle ta a aljihu, kuma ana karanta ta daga nesa ba tare da ka sani ba, abin da zanen yatsa ma bai kai ba, tunda shi sai ka ɗora hannu. Da can cewa muke yi labarin zuciya a tambayi fuska. Yanzu labarin inda ka je, da wanda kuka tafi tare, da ranar da kuka dawo, duk fuska ake tambaya, kuma ba ta iya yin shiru.

Bari in koma kan dattijuwar nan, don abin da ya same ta ba tsautsayi ba ne. A watan Disamban 2019 cibiyar auna ingancin fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar da sakamakon gwajin manhajojin gane fuska 189 daga masu ƙira 99, a kan hotuna sama da miliyan 18. Ta gano cewa kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani ya fi yawa a fuskokin mutanen Yammacin Afirka da Gabashin Afirka da Gabashin Asiya, ya fi ƙaranci a na mutanen Gabashin Turai, kuma a manhajoji da dama tazarar takan ninka sau 10 har zuwa sau 100. Mata sun fi maza shan wannan kuskure, haka tsofaffi da yara. A hotunan kan iyaka, waɗanda ba su da kyan haske, kasa gane mutum da nasa hoton ya fi faɗawa kan haifaffun Afirka da yankin Karibiyan, musamman masu shekaru. Dattijuwa, mace, baƙar fata, a ƙarƙashin fitilar da ba a saita don fatarta ba: duk ta haɗa. Wani abin sha'awa a rahoton, wasu manhajojin da aka ƙera a Sin ba su nuna wannan rauni a fuskokin Gabashin Asiya ba. Na'ura fuskokin da aka nuna mata tana koyo su ta fi sani. Gaskiya ne manhajojin da suka fi inganci tazararsu kaɗan ce, kuma an ci gaba sosai tun daga lokacin. Amma ni da nake tsaye a ƙofa, ta yaya zan san wacce aka saya, mai kyau ko mai araha? Babu inda aka rubuta.

Kasa gane mutum jinkiri ne da kunya. Ɗaukar sa a matsayin wani kuwa yana iya zama ankwa. A Janairun 2020 'yan sandan birnin Detroit na Amurka sun kama wani mai suna Robert Williams a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, ya kwana a tsare, saboda manhaja ta haɗa fuskarsa da ta wani ɓarawon agogo. Wannan a ƙasarsu ne, cikin harshensa, da lauyoyi a kusa. Ku kwatanta da baƙon da hakan za ta faɗa masa a filin jirgin wata ƙasa da tsakar dare, waya babu caji, jirginsa yana shirin tashi, jami'i kuma ya fi yarda da allo a kan bakinsa.

Sai maganar yarda, wadda ta fi ci mini rai. Kusan kowane kamfani da kowane filin jirgi yana cewa abin ganin dama ne, ba dole. Takardun shirinku na One ID, na wucewa da fuska maimakon nuna takardu, ku mutanen IATA, su ma sun ce da yardar fasinja za a yi, kuma wanda bai so ba yana da hanyar hannu. Madalla da takarda. Sai dai ƙofar jirgi ba ta karanta takarda. A Satumban 2020 ofishin binciken gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya tarar da cewa allunan sanarwa a wasu filaye ba su cika ba, wasu sun tsufa, wasu ma babu su, kuma cikin kamfanonin jirage sama da 20 da ke aiki da CBP, ɗaya tak aka taɓa binciken yadda yake kiyaye sirrin fasinja. Yardar da aka karɓa daga mutum yana cikin layi, mutum ɗari suna huci a bayansa, ba a gaya masa yana iya ƙi ba, in kuma ya ƙi a mayar da shi ƙarshen layi, wannan ba yarda ba ce. Ni na kalli kyamarar nan, amma ban yarda ba. Kunya ce ta kalle ta.

Abin da aka tara don wata manufa kuma ba ya tsayawa a kanta. Yau don hawa jirgi ne, gobe ɗan sanda zai nemi a ba shi ya duba, jibi mai talla zai so sanin wa ya daɗe a gaban shagonsa. Gwamnatoci ma suna sauyawa, rumbu kuwa yana nan. Da Kabul, babban birnin Afghanistan, ta faɗi a Agustan 2021, na'urorin ɗaukar shaidar jiki da rumbunan bayanan da aka gina da sunan tsaro da biyan albashi sun koma hannun Taliban, waɗanda aka gina su don a yaƙa, mutanen da ke cikinsu suka shiga ɓuya. Wanda ya kafa rumbu ba shi ne ke zaɓar magajinsa ba.

Ba sabon abu nake roƙo ba, an riga an share hanya. A watan Mayun 2024 hukumar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, bisa buƙatar takwararta ta Faransa, ta duba yadda filayen jirgi da kamfanoni ke amfani da fuska don sauƙaƙa zirga-zirgar fasinja. Ta ce hanyoyi biyu ne kawai za su iya dacewa da doka: ko dai shaidar fuskar ta zauna a hannun fasinja, a wayarsa misali, ko kuma in za a ajiye ta a rumbu, a kulle ta, mabuɗin kuma ya kasance a hannun mai ita shi kaɗai. Tara fuskoki a rumbun da kamfani ke riƙe da mabuɗinsa, ta ce bai halatta ba. Wannan kariya bai kamata ta tsaya a iyakar Turai ba. Ku ICAO kuna da wurin saka ta. A 2020 kun ƙara wa Rataye na 9 na Yarjejeniyar Shikago, wadda ta kafa hukumarku, ƙa'idoji a kan bayanan ajiyar kujerar fasinja, har da batun iyakance amfani da su da tsawon ajiyarsu. In an yi wa suna da lambar waya wannan gata, fuska ta fi su buƙata.

Ku rubuta cewa a kowace ƙofar da kamfani ko filin jirgi ya kafa kyamara, dole a sami hanyar nuna fasfo a gefenta, a buɗe a lokaci guda, ba bayan an gama da kowa ba, da sanarwa a harsunan da fasinjojin wannan jirgi suke ji, kafin mutum ya shiga idon kyamara. Ku rubuta cewa hoton da aka ɗauka don hawa jirgi ya mutu da saukar jirgin. Indiya ta ce tsarinta na DigiYatra, wanda ta fara a Disamban 2022, yana goge bayanan cikin sa'o'i 24 da tashin jirgi, ashe ke nan ba abu ne mai wuya ba a faɗa. Abin da ya rage a sami mai zuwa daga waje ya duba ko an goge ɗin, ya buga abin da ya gani kowa ya karanta, har da 'yan kwangila da 'yan kwangilar 'yan kwangila. Duk filin jirgin da ya sayi manhaja ya bayyana sunanta da yawan kuskurenta, a rabe bisa jinsi da shekaru da launin fata, daga ainihin ƙofofinsa ba daga ɗakin gwaji ba. Kuma in na'ura ta ƙi mutum, a ɗauka ita ce ta gaza har sai an tabbatar da akasin haka, a duba shi cikin mutunci ba tare da an mai da shi abin kallo ba.

Batun abin da gwamnatoci ke ajiyewa a kan iyaka ya fi wuya, na sani, kuma ba ku da sandar dukan kowa. Amma kuna da teburin da kowa yake zama. Ku kawo maganar shekara 75 kan wannan tebur. Ku nemi kowace ƙasa ta buɗe ƙofa ɗaya da baƙo zai ƙwanƙwasa daga ƙasarsu ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya nemi gyara in an haɗa shi da wani. Yanzu da kuke aikin mayar da fasfo cikin waya, wanda ƙasar Finlan ta fara gwadawa a 2023, shi ne lokacin, tun ginin bai bushe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma mutanen IATA, kalma ɗaya gare ku. Mambobinku 'yan kasuwa ne, ba laifi ba ne. Amma ku haramta musu a fili haɗa fuskar fasinja da talla, ko da katin garaɓasar yawan tafiya, ko sayar da ita, ko horar da wata manhaja da ita. Kuma kada a wayi gari mai ba da fuskarsa yana da layi mai sauri da rangwame, mai riƙe da tasa yana biyan tara da lokacinsa. Na sayi tikiti da kuɗi, ban tuna an ce akwai cikon da za a biya da fuska ba.

Ina da wata tafiya nan ba da jimawa ba. Na ƙudura wannan karon zan miƙa fasfona ko da za a ajiye ni sai jirgi ya cika, ko da na bayana zai yi tsaki goma. Zan kuma yi wa ma'aikacin ƙofa tambayar da na yi muku, in ji ko an ba shi amsar da zai ba ni.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani fasinja mai yawan tafiya